Kwaɗon Cleotis

Shekara talatin da ɗaya Eugene Dombrowski yana gyaran injuna a masana'antar ƙarfe da ke garin Gary a Amurka, kuma shaidar da ake masa ita ce riƙo. Tun da Cleotis Harper ya kayar da shi a zaɓen ƙungiyar ma'aikata, shekara goma sha ɗaya ke nan, ko gaisuwa ba ta haɗa su. Amma fa idon Eugene na kan Cleotis kullum, yana jiran ranar da zai yi kuskure.

Ƙa'idar wurin ita ce, duk mai shiga cikin inji sai ya kashe wuta ya ɗaura kwaɗonsa a makunni, ba mai cirewa sai shi. Wata Talata da rana aka gama gyaran injin murza ƙarfe, kowa ya cire nasa, saura ɗaya mai sunan Cleotis. Aka kira wayarsa, shiru. Aka leƙa ramin injin daga sama, ba a hango kowa ba.

Sabon oga, Brent, ya ce, "Mantawa ya yi ya wuce gida. A yanke kwaɗon nan, aiki na jira."

Sai ga Eugene ya tsaya ƙiƙam gaban makunnin.

"Oga, ba inda ya tafi."

"Kai da ko magana ba kwa yi, ina ka sani?"

"Mutumin nan ya fi kowa iyayi. Shekara sha ɗaya nake dakon ranar da zai manta kwaɗonsa in yi masa dariya, bai taɓa ba. Wallahi yana ciki."

Brent ya yi ta sababi, har da barazanar kora. Eugene ya miƙa wa wani tsaron makunnin, ya sauka ramin da tocila. Can ƙarƙashin narkeken abin murzar ya iske Cleotis kwance, zafi ya sumar da shi. Da an kunna, da ko gawar kirki ba za a samu ba.

Aka fito da shi, aka yayyafa masa ruwa. Ya buɗe ido da ƙyar, ya ga wanda ke tallabe da kansa.

"Duk ma'aikatar nan a rasa mai ɗauko ni sai kai?"

"Rufe mana baki, ɗan iyayi, sha ruwa."

Eugene bai taɓa jin daɗin baƙar magana irin na ranar ba. Ya zauna a ƙasa riƙe da Cleotis har motar asibiti ta iso.