Ranar da Na Ce Amin a Kan Sunana

Washegarin ƙaramar Sallah ne, a gidanmu na gado cikin garin Daura, ba nisa da Kusugu. Duk shekara nan muke taron zumunci. A waccan shekarar akwai ƙarin abu. Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin jarida a Kaduna, ya yi ritaya ya dawo gida, ya shekara biyu yana bin tsofaffi da biro da 'yar rikoda yana haɗa littafin asalin gidanmu. Ranar ya kawo gwajin bugu, kafin a kai maɗaba'a.

Mata muna tsakar gida kan tabarmi, maza suna zaure, an sa lasifika don kowa ya ji. Baffa ya ce kafin komai za a karanta sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ya faro daga kakan kakanmu da ya zo da shanunsa daga wajen Sandamu. In ya kira babba mu ce Allah ya jiƙansa, in yaro ne mu ce Allah ya sa mai ceto ne. Ina ɓare gyaɗa ina amsawa, har ya iso kan 'ya'yan mahaifina. Ya kira uku da suka koma suna jarirai. Sai ya kira ta huɗu.

Sunana ne na yanka, haɗe da na mahaifina.

Baki ya riga hankali. Na ce amin tare da kowa, sannan na ji abin da na amsa. Gyaɗar ta zube daga hannuna. Rana tana nan a kan katanga, wata akuya tana cin ɓawo, amma na ji wani sanyi ya bi ƙafafuna kamar na taka bakin rijiya. Na dubi hannuwana, wallahi sai da na dube su. Ba wanda ya waiwayo. Inna, mahaifiyata, tana kusa da ni, kuma amin ɗinta ya fi na kowa ƙarfi.

Dalilin da ya sa ba a waiwayo ba shi ne, kusan ba wanda ya san ni da wannan suna. Bayan Inna ta binne uku a jere, tsofaffi suka ce wabi take yi, wai yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa. Da aka haife ni, ungozoma ta kai ni juji ta ajiye, kamar abin da ba a so, Gwaggo, yayar mahaifina, ta ɗauke ni. Da aka yaye ni ta tafi da ni Mashi, can na tashi da laƙabin da ta sa mini. Na san Inna ce ta haife ni, ba a ɓoye mini ba. Sai dai ba ta taɓa faɗa da bakinta ba, ni kuma na ɗauka kunya ce irin ta iyayenmu.

Bayan la'asar na samu Baffa a soro yana shan shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe shafin na nuna masa.

"Baffa, wannan ni ce."

Ya gyara tabarau ya yi dariya. "Ke 'yar Mashi, kar ki yi mini wasa. Ga ki nan a shafi na gaba, ƙarƙashin Yaya, da 'ya'yanki biyar."

Na juya shafin, ga ni kuwa. A shafi ɗaya ina raye da laƙabi, a ɗayan na rasu kafin in cika kwana arba'in.

Da na gaya masa yadda aka yi, sai dariyar ta ɗauke. Ya ce lokacin da aka haife ni ya daɗe da barin gari. Ya ce shi a aikinsa bai taɓa buga magana daga baki ɗaya ba, kuma wannan daga baki biyu ya ji ta: Inna da tsohuwar ungozoma. "Yanzu mahaifinki ba ya nan, Yaya ba ta nan, ungozomar ma ta rasu bara. Ranar Laraba zan kai littafi. In uwarki ta ce ita ta haife ki kuma kina raye, na gyara."

"Baffa, ga ni fa a gabanka."

"Na gan ki. Amma ba ki shaidi haihuwarki ba."

Kwana biyu ina jin kaina baƙuwa a gidana. In yara suka wuce ba su kula ni ba, sai gabana ya faɗi. Na yi ta istigfari, don na san rai da ajali na Allah ne, juji ba ya ƙara wa kowa kwana. Amma jikokina za su buɗe littafin nan wata rana, su tarar Inna ba ta bar kowa a duniya ba.

Ranar Talata da hantsi na je wurin Inna. Tana tsince wake a faifai.

"Inna, me ya sa kika ce wa Baffa na rasu?"

"Wa ya ce ke? Waccan daban."

"Wace waccan?"

"Wadda na haifa." Ba ta ɗago ba. "Shekara arba'in da wani abu, duk wanda ya tambaye ni sai in ce ta koma. Ga ki nan kuma, har da furfura. Me ya rage ki?"

"Inna, kin je Hajji, kin san camfi ne."

"Na sani. Malama ta faɗa a Islamiyya, na tuba. Amma ukun nan kowa na kira shi da sunansa, na yi masa rawa. Ke kaɗai na yi wa shiru." Ta sassauta murya kamar akwai wani a bayan ƙofa. "Yanzu so kike a rubuta, a buga, kowa ya gani?"

Na ce mata wanda ya raya ni ya san inda nake tun ina juji. Na ce ba gyaran littafi kawai nake nema ba, so nake in ji ta faɗa sau ɗaya. Na yi kuka, ita kuma ta ci gaba da tsintar wake har faifan ya ƙare. Sannan ta sa mayafi ta ce mu je.

A gaban Baffa ta tsaya, hannunta riƙe da tsintsiyar hannuna har yana mini zafi. Ta kira sunana na yanka, karo na farko da na ji shi a bakinta, ta ce, "'Yata ce. Tana nan." Sai ta waiga hagu da dama. Baffa ya soke layin da biro.

An buga littafin daidai. Tun daga ranar, kullum bayan sallar asuba wayata sai ta yi ƙara. Inna ce. Ba ta gaisuwa, ba ta tambayar yara. In na yi sallama, sai in ji numfashinta ya sauka, ta kashe. Ban taɓa barin wayar ta yi ƙara sau uku ba.