Man Shanu a Jikin Sarewa

Ni ne ɗan da aka ware wa boko a rugarmu ta bayan Jahun. Da aka ba mu jiha, Dutse ta zama babban birni, sai na samu aikin buga tafireta na kama ɗaki a Takur. Na taho da akwati ɗaya, da wando biyu, da sarewata ta gora wadda nake busa wa shanun mahaifina tun ban kai sandar kiwo tsawo ba.

A unguwar na ga wadda na aura. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo, ita kuma tana koyar da matan aure da yamma, shi ya sa har yau Malama nake ce mata. A gidansu ba a kunna rediyo sai don labarai da tafsiri. Ranar da na fara zuwa zance ta tambaye ni abin da nake yi in na tashi daga aiki. Na gyara zaman hula na ce, "Karatu." Wallahi ko ni sai da na ji nauyin bakina. Amma ina son ta, kuma ina tsoron in ta ji ni mai busa ne za ta dube ni wani iri. Ban taɓa jin an zagi sarewa a gidan ba. Ni na yanke wa kaina hukunci.

Bayan biki na naɗe sarewar a tsohuwar jarida, na cusa a ƙasan jakar takarduna, na ɗora a saman sif. Ran Asabar sai in ce aiki ya taru a ofis, in zare ta a ɓoye, in haye duwatsun bayan gari in zauna inda nake hango itatuwan dabino. Zamanmu lafiya lau, tuwonta ba ya da na biyu, dariyarta kuma ba ta da wuya. Sai dai kullum ina jin kamar wani mutum take yi wa dariyar, mai karatun nan da na ƙirƙiro mata.

Wata Asabar wani dattijo makiyayi ya tsaya a kaina, ya jingina da sandarsa yana saurare.

"Ɗana, wa ya biyo ka?"

"Ba kowa, Baffa."

"To busarka ba ta kaiwa ƙarshe. Kana ɗauko ta da kyau, kana zuwa tsakiya sai ka yanke ka waiwaya. Ko maraƙi ba zai taso wa wannan ba."

Na ji haushi ƙwarai, don a rugarmu ba a taɓa kushe busata ba. Da ya wuce na sake gwadawa, na kuwa yanke a daidai wurin.

Da shekarun shari'a suka zo, maganar kiɗa ta cika gari, makaɗa da yawa suka rataye gangunansu. Ba wanda ya zo ya tambaye ni wata sarewa, amma tsorona ya ninka, na daina hawa dutsen gaba ɗaya. Duk ɗan ruga ya san in ba a shafa wa gora man shanu ciki da waje lokacin rani ba, tsagewa take yi. Ina sane na ƙyale ta rani biyu. Na ce ta fashe kowa ya huta.

Wata Juma'a bayan masallaci ina neman takardar kama aikina, na sauko da jakar. Na laluba ƙasa, ina shirin taɓa ɓaraguzai. Babu jaridar. Ƙyallen atamfa na ciro, na zanen da ta ɗaura ranar sunan ɗanmu na fari. Sarewar na ciki tana sheƙi, ƙamshin man shanu ya bugi hancina.

Na same ta a kicin tana tankaɗe gari.

"Malama, wa ya taɓa mini jaka?"

"Jakar da nake kakkaɓewa shekara bakwai? Maigida, tun satin farko na gan ta." Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da fari man gyaɗa na shafa, mai kawo mana nono ta yi mini dariya har da riƙe ciki, ta koya mini yadda ake yi. Kuma ofishin nan naku na Asabar, a ce musu su nome ƙarangiya. Na gaji da cire ta daga wando."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa ido. Na ce me ya hana ta magana.

"Kai ka ɓoye, kai za ka fito da ita. Ni dai ban so ranar ta zo ka tarar ta fashe ba."

"Baba fa?" na ce, don mahaifinta ya faɗo mini a rai.

"Baba yana gidansa." Ta ajiye rariya ta karkaɗe hannu. "Busa mu ji, a hankali, yaro na barci."

Na zauna a kan turmi, na kai sarewar baki. Da fari iska ce kawai ta fita, ta danne dariya. Sannan sautin ya kama, wanda nake kiran shanu da shi in rana ta yi sanyi. Na zo tsakiya, wuyana ya fara juyawa da kansa, sai na ga ai wadda nake waiwaye dominta ga ta a gabana, da gari a goshi, ta zuba mini ido. Na ja numfashi na kai busar ƙarshe.