Baƙin Mai a Jikin Mussata

Mussata baƙa ce, shi ya sa na ga abin da wuri. Wani farin gari a gadon bayanta, wajen gindin wutsiya, kamar an barbaɗa mata dusa. In ta yi susa sai ya zubo kan tabarma. Ɗiyata kuwa lokacin ta fara rarrafe, duk abin da ta tsinta baki take kaiwa. Wuni nake ina bin tabarmar da tsintsiya.

Ba don ƙawa na ajiye ta ba. Ɗakinmu jikin ɗakin buhunan gero yake, kafin ta zo har ɓera ya taɓa gatsar yatsan yarinyar tana barci. Tun da mussar ta fara kwana ƙarƙashin gado na samu nake runtsawa.

Bafillatanar da ke kawo mana nono ta duba, ta ce amosani ne, fata ce ta bushe, in riƙa shafa mata ɗan man shanu. Na fara shafawa ke nan uwar mijina ta hango ni.

"Mi kike yi haka? Man da za mu ci kike ba dabba?" Ta matso, ta buɗa gashin da tsinke. "Wannan ƙazuwa ce. Za ta kashe mini jika."

"Inna, amosani ne."

"Yaushe aka haife ki da za ki gaya mini ƙazuwa?"

Mijina ya tafi Ƙonni da kaya. Sai Inna ta aika aka kira wansa, mai sayar da awaki a kasuwar Lahadi. Shi duk akuyar da ta yi ƙazuwa baƙin mai yake shafa mata, wanda ake juyewa daga injin mota. Ya shigo da shi cikin gwangwani, yana naɗe hannun riga.

"Yaya, don Allah, mussa ba akuya ba ce. Lasar jikinta take yi."

"Goya ɗiyarki ki ba ni wuri, amarya. Yau ke za ki koya mini dabba?"

Ya damƙe mussar a ƙeya, ya taka ƙafafunta na baya da takalmi, ya tuttula. Man ya gangara har cikin idonta. Ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ta murɗe, ta kafa masa haƙora a wuyan hannu, farata suka tsage shi har gwiwar hannu. Jini ya ɓalle.

"Shegiya!"

Ya kama ƙafafunta ya maka ta da bango. Ya ɗaga ya sake makawa. Ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Baƙin mai ya fantsama har fuskata, yarinya ta tsandara ihu a bayana. Ban san lokacin da na rungume hannunsa ba. Ya watsar da ni, na faɗi ta gaba don kada in danne yarinyar, bakina ya daki turmi, leɓe ya fashe.

"Bari, bari!" Inna ce ke kururuwa yanzu. "Shafawa na ce! Alhakin mussa za ka ɗauko mana?"

Ya yar da ita, ya ɗaure hannunsa da tsumma, ya fita yana zagi.

Ta ja jiki da ƙafafun gaba, na baya na bin ƙasa, ta shige tsakanin buhuna. Na kwanta rub da ciki na jawo ta. Na wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, man ya ƙi fita, sai naso yake yi. Ina wankewa tana ƙoƙarin kai harshe gefen cikinta, ina kare mata da tafin hannu. Kafin la'asar ta mutu, ta miƙe cikin zanena.

Na ɗauki fartanya na zagaya bayan gida. Inna ta biyo ni, ta karɓi yarinyar, ta tsaya tana kallona ina sara.

"Zurfafa," ta ce, "kada karnuka su tone."