Shanun yumɓuna

Ƙahwar saniyar ta ɓalle karo na ukku, ɗan ƙanena ya dahe kai. Nic ce mishi yumɓu ba ya son hitilar da ya kunna mishi bisa kai. Na samo busasshen kashin jaki, na murje, na cuɗa da yumɓun kamar yadda nika yi ma tukwane, na ruhe da jiƙaƙƙen tsumma. Ba ta ƙara ɓallewa ba.

Shi likitan dabbobi ne a da, ya sha bin rugage da allura tsakanin Dumega da Dogon Kiriya. Da gwiwa ta gaza ya aje aikin, ya zamna Dogon Dutsi yana fim da dabbobin yumɓu: a ɗauki hoto, a gusa ƙahwa kaɗan, a ƙara ɗauka, in an haɗa sai ka ga saniya na tahiya. Ni ko maginiyar tukwane ce, har roba ta kashe sana'ar. Shi ya san ɗingishin saniya mai ciwon kohwato, ni na san yumɓu. Yac ce yaran da sunka yi lekol, wato makarantar zane, shanunsu kamar tebur suka tahiya.

Shi ya hwaɗa mini ƙarshen fim ana rubuta sunan duk wanda ya sa hannu. Maganar nan ce ta kai ni karatun manya da hurhurata, bisa tabarma ɗaya da sa'o'in jikokina. Ba wasiƙar kowa nika son karantawa ba. Sunana nika son gani.

Ɗana na hwari yana da shago Tibiri, ya tara gemu, ya ɗage wando. Ya zo ya iske shanuna jere gindin katanga, yac ce wanda ya ƙera surar mai rai, gobe kiyama za a ce ya hura mata rai. Nic ce da yumɓun ga na ciyar da kai har ka san hanyar masallaci. Ya tashi, ko hurar da na dama mishi bai sha ba.

Ranar da anka nuna fim ɗin gidan matasa, anka toshe tagogi da barguna. Mutane sun yi dariya har da hawaye. Wani tsohon makiyayi ya rantse saniyarshi ce anka ɗauka. Sai sunaye sunka hwara hawa. Na miƙa yatsa ina bi harahi harahi. Ga na ɗan ƙanena, ga na mai goge, ga na wanda ya ba da aron kamara, har direban da ya kwaso kaya. Allo ya yi baƙi.

Na zaci karatuna ne ba sauri. Na sa anka maido baya, ana ta gunaguni. Na sake bi. Babu.

Bakin ƙohwa na riƙe hannun rigar ɗan ƙanena.

"Gwaggo, ɗanki ya zo har gida ya roƙe ni kar in sa sunanki," in ji shi. "Wai mutanen masallacinsu za su gani."

"Ni ka tambaye ni?"

Ya tsaya kallon takalminshi.

Da sahe na tahi ɗakin aikin. Shanu goma sha ɗaya, da maraƙi, da jakin da munka hwara don fim na biyu. Na kwashe su cikin babbar tasa, na zuba ruwa, na sa ƙahwa na tattake.