Maƙwabtan Haya

Kafin in shiga gidan yari ni mai fenti ne a Kubwa. Ba ni da komai, amma ina barci lafiya. Shekarun nan da kuɗin gida ya haukace a Abuja, kowa ya ruɗe. Ma'aikaci zai yi ta tara kuɗi, ranar da ya je biya a ce masa farashi ya tashi. Mutane suka daina tambayar ko gida na da kyau, sai dai ko za su samu kafin ya ƙara tsada.

A lokacin ne wani mai gine-gine, Oga Bala, ya ba ni aikin fentin wasu sababbin gidaje a bayan Karshi. Jere suke reras a cikin kwari, ba kowa ciki. Na lura bango yana tsatsafo da ruwa daga ƙasa, na gaya masa. Ya ce, "Fenti na ce ka yi, ba bincike ba. Ƙara masa shafi." Na ƙara. Daga nan na fara lalacewa, kuma ko a jikina.

Gidajen suka ƙi sayuwa. Duk wanda ya zo, shirun wurin ke korarsa. Ni na kawo dabarar, ba Oga ba. Ranar da mai saye zai zo, sai in ɗebo mutane daga kasuwar Karshi a bas, su yi kamar su ne mazauna gidajen. Mata su yi shanya, ɗaya ta yi daka, wani ya wanke mota, wani ya kunna rediyo. Muka rataya labule a kowace taga. Da mai saye ya tafi, in sallame su, in kulle ƙofofi.

Haka muka yi wa Madam Rifkatu, wata nas da ke aiki a Garki. Ta zo da mahaifinta, Baba Dauda, tsoho makaho. Ta ja ni gefe ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, in saya yanzu ko in jira?"

Na ce, "Madam, wata mai zuwa ba za ki same shi haka ba. Ba ki ga unguwa ta cika ba?"

Baba ya karkata kunne wajen dakan, ya yi murmushi. "Nan akwai mutane. Saya, Rifkatu."

Ta zuba duk abin da ta tara a rayuwarta. Suna tarewa ta gane su kaɗai ne. Ta yi ta kira na a waya, na daina ɗauka.

Da damina ta kankama Oga ya tura ni in rufe tabon ruwa. Na isa da tsakar rana. Ciyawa ta cinye hanya, labulen nan namu na kaɗawa, ko kaza babu. Madam tana wurin aiki, Baba na zaune shi kaɗai a ƙofar gida.

"Mai fenti ne? Na gane tafiyarka," in ji shi. "Ɗana, matar gidan can ba ta gajiya da daka. Kullum ina gaishe ta, ba ta amsawa."

Na san tun ranar ciniki ba wanda na sake kawowa. Zan yi magana ke nan sai na ji dakan ni ma. Dum. Dum. Daga gidan da ya nuna. Makullin yana aljihuna. Na buɗe, ba kowa, sai warin danshi da tayil mai sanyi. Sautin ya tsaya. Ina fitowa ya ci gaba, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Na bar bokitin fenti na kama hanya.

"Ka same ta?" Baba ya tambaye ni.

"Na same ta, Baba. Tana gaishe ka."

Ba a daɗe ba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da la'asar. Ashe kan hanyar rafi aka yi ginin, ruwa kuwa ya dawo hanyarsa. Da ruwan ya shigo ɗaki, Baba ya ɗauki sandarsa ya fita neman maƙwabta. Washegari aka tsinci gawarsa a gonar wani. Da 'yan sanda suka kama ni suka kai ni unguwar, na ga shatin tafin hannunsa da laka a kan farin fentina, ƙofa bayan ƙofa, har ƙarshen layi.

Oga Bala ya ɓace. Ni mutanen kasuwa suka sani, ni suka nuna. A kotu Madam ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Ban gaya wa Baba cewa babu kowa a unguwar ba, don kada ya ji tsoro in na tafi aiki."

Na yi shekaru a ɗaure. Duk sanda gandiroba ya buga ƙofa, sai in tuna Baba yana bin ƙofofin nan. A can na koma ga sallah, na roƙi Allah gafara. Madam kuwa har yau ban iya zuwa gabanta ba.

Yanzu na fito, ina dako a kasuwar katako. Samari, ku ji ni. Ban taɓa riƙe wuƙa ba, ban taɓa haura katangar kowa ba, amma akwai rai a wuyana. In oganku ya ce ku rufe aibi, ku ajiye masa aikinsa ko da za ku kwana da yunwa. Masu neman gida kuma, ban san ko farashi zai sauka ba. Abin da na sani shi ne, duk wanda ya ce muku yau ko ku rasa, ku ji tsoronsa. Ni na faɗa wa mutane haka, ina kallon idonsu, ina kiran sunan Allah.