Waldar da Ba Ta Cin Ido

In ka ga dama ka ce ƙarya nake, amma da hannun nan na riƙe ƙarfe biyu da aka haɗa ba tartsatsi, ba hayaƙi. A Kakuri ta Kaduna kuwa, a rumfar Baba mai walda.

Lokacin soja sun koma bariki, ana ta murnar farar hula, masaƙu kuma na rufewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya bar gyaran injinan masaƙa, ya koma yin ƙofofi da tagogi. Mu biyu ya koya wa aiki, ni da wani ɗan Ibo. A rumfarmu ba mai rufe fuska, Baba ya ce ɓata lokaci ne. Ka saita, ka runtse ido, ka ɗana. In ido ya kama yaji kamar an watsa yashi, a ɗiga madarar gwangwani. Madarar da idon Baba ya sha, wallahi ta isa rainon 'yan biyu.

Ɗan Ibo ya samu hanya ya tafi Turai. Kafin ya zo ganin gida, Baba ba ya bambance ni da tukunyar gas sai na yi magana.

Da ya zo, ya miƙa wa Baba wani guntun ƙarfe da aka yi wa walda a can. "Oga, taɓa ka ji."

Ya ce a kamfaninsu cikin akwati ake sa ƙarfen, a zuƙe iskar ciki tas, sai wani siririn haske na lantarki ya ratsa ya narkar da shi ya haɗe. Kayan jirgin ƙasa mai lantarki suke yi, da na injinan da iska ke juyawa su ba da wuta, wai don a rage hayaƙi a duniya.

Baba ya daɗe yana lalube kafin yatsansa ya tsinci mahaɗar.

"Wa ya yi wannan? Hannunsa ba ya rawa."

"Inji ne, Oga. Mu muna waje kan kujera, muna kallo ta talabijin. Wutar ba ta taɓa idon kowa."

Idon Baba dama kullum cikin ruwa yake, amma na ranar har gemu ya sauko.

Ni kuwa bakina ba ya jure shiru. Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka! Irin injin nan zan sayo maka, har biyu. Ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, kana shan shayi kana kallon aikinka."

Ya juyo inda ya ji muryata.

"Da idon ubanka zan kalla?"