Faifan da Aka Wanke da Toka

Na yi aikin gwamnati a sashen adana bayanai har na yi ritaya, kuma a farkon shekarun aikina ne aka kawo mana kwamfuta. Ba irin ta yanzu ba ce da ake ɗorawa a cinya. Tsayinta ya kai na babban firij, ɗaki guda aka ware mata mai sanyi, ba a shiga wurinta da takalmi. Masu ƙera ta suna kiranta ƙarama, saboda waɗanda suka gabace ta sukan cika ɗaki su kaɗai. A goshinta akwai jerin maɓallai da ƙananan fitilu jajaye masu ƙyaftawa idan tana lissafi. Na yi shekaru ina aiki da ita. Da sababbi suka zo aka tura ta sito, daga sito kuma ban san inda aka kai ta ba, domin babu wanda ya ga ya dace a rubuta. Wannan sakaci ya daɗe yana ci mini rai.

Bayan na ajiye aiki, wata rana ina wucewa ta wajen 'yan gwangwan da ke bayan Ƙofar Wambai, sai na hango irinta kwance a gefenta, akuya na tsaye a kanta. Kusa da ita akwai akwatin da ake saka mata faifai, shi ma a yashe. Mai wurin, wani mutum mai ƙiba da ke riƙe da guduma, yana shirin fasa ta. Al'adarsu ce su ciro allunan ciki su kankare ɗan zinaren da ke bakinsu, su sayar da gangar jikin ga masu narka ƙarfe.

Na ce masa, “Malam, ka san abin da za ka fasa kuwa?”

Ya ce, “Na sani mana, Baba. Firij ce da ba ta sanyi.”

Na yi masa bayanin irin aikin da injuna irinta suka yi wa ƙasar nan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Allah ya saka mata da alheri. Amma mu nan kilo muke sayarwa, tarihin kyauta ne.”

A kan sikeli na saye ta, kamar buhun gawayi. Aka ɗora ta a kura aka turo ta har gidanmu na gado a Gwale, inda lungu ya yi mata kaɗan, sai da aka kwance ƙyauren zaure kafin ta shiga shagona.

Abin da na tarar a cikinta ya isa ya sa mai hankali ya haƙura. Zanzaro ya yi gini a cikin fankokinta. Ɓeraye sun haihu a kan allunan sun bar shaida. Soson da aka liƙa a jikin murfinta ya ruɓe ya zama gari mai danƙo, ya bi kowane lungu. Na ciro allunan ɗaya bayan ɗaya, ina manna wa kowanne lamba, ina rubuta gurbin da na same shi, domin ban yarda da aikin da ba a rubuta ba. Manyan kafasitocin da ke tace mata wuta sun kumbura, na yi ta yawo a kasuwa da su a aljihu, masu shago suna tambayata ko batirin jirgi ne. Da na samu madadinsu, sai wutar unguwa ta ƙi ba ni haɗin kai: idan an kawo ta ba ta da ƙarfi, idan ta yi ƙarfi ba ta daɗewa. Na koma janareta. Ranar da fankokin suka fara juyawa gaba ɗaya, ƙararsu ta sa wata maƙwabciya ta aiko tambaya ko na buɗe injin niƙa, kuma ko ina karɓar barkono.

Bayan haka wata fitila guda ta ƙi mutuwa. Duk lambar da na shigar ta maɓallan goshi, sai ta dawo mini da ƙari a wannan gurbi. Na sauya allo, na goge bakin alluna, na auna, na sake aunawa. Damina ta shigo ta wuce ina bin wannan fitila. A ƙarshe na gano wata siririyar waya a bayan injin, cikin dubban 'yan uwanta, wadda ɓera ya ɗan gutsura ta taɓa maƙwabciyarta. Da na gyara ta, injin ya soma amsa mini daidai.

Saura faifai. Ya kamata in bayyana muhimmancinsa, domin a nan maganar take. Injin irin wannan, komai lafiyarsa, bai san komai ba sai ya karanta daga faifai. A kan faifan ne aka rubuta umarnin da ke tashe shi, ya karɓi rubutu, ya buɗe fayil, ya yi aikin da aka san shi da shi. Guda ɗaya tak na samu, a cikin akwatin da na saya tare da injin. Faɗinsa ya kai na babban faranti, na alminiyam ne, an shafe shi gaba da baya da wani siririn fenti ruwan ƙasa, kuma a cikin wannan fenti rubutun yake, ido ba ya ganinsa. Na nemi na biyu a ko'ina. Na tambayi tsofaffin abokan aiki, na aika Kaduna, na aika Legas. Amsar ɗaya ce: irinsu sun daɗe da zama tukwane.

Masu tara irin waɗannan injuna a ƙasashen waje, waɗanda nake musayar saƙo da su ta intanet, sun gargaɗe ni kada in juya faifan sai na buɗe kwansonsa na duba. Abin da ke karanta shi ba ya taɓa shi, a kan iska yake shawagi, ƙwayar datti guda tana iya sa ya dira ya yage fentin. Shawararsu ita ce a goge shi a hankali da sipirit da auduga mai laushi. Na bi shawarar. Na kwance kwanson, na ciro faifan da safar hannu, na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur na ɗora shi. Ina cikin goge fuska ta farko sipirit ya ƙare. Na rufe shi da wani ƙyallen, na rubuta “Kada a taɓa” da manyan baƙaƙe a takarda na ɗora a kai, na fita sayowa.

A gidan muna zaune da Yaya, babbar 'yar mahaifinmu, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta kuma dawo gida da mijinta ya rasu. Tun ranar da na fara aikin ofis take kirana Akawu, kuma ba ta sauya ba. An san ta a unguwa da abu guda: ba ta iya ganin tsatsa ta wuce. Tasoshinta na aure har yau mutum yana ganin fuskarsa a cikinsu. Idan biki ko suna ya matso, takan bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya ta kwaso duk wani abin ƙarfe, nata da wanda ba nata ba, a dirje shi da toka da lemon tsami. A gidanmu kuwa ba a kulle wa babba ɗaki. A makon da abin ya faru jikarta ta haihu, ana shirin suna.

Fitar da na yi niyyar ta zama gajeriya ta yi tsawo, domin a hanya na tarar da jana'izar wani dattijo na unguwa, na bi har maƙabarta. Sai bayan la'asar na dawo. Ina shiga tsakar gida na ga an jera kaya a rana a gindin katanga: tasoshi, langa, butoci, manyan tire na rabon abinci. A tsakiyarsu, an jingina shi da turmi, ga wani abu zagayayye mai rami a tsakiya yana walƙiya har yana kashe ido. Na tsaya ina kallonsa. Na san faɗin nan, na san ramin nan, amma ban taɓa ganinsa fari ba.

Yaya tana zaune a kujera 'yar tsugunno, hannuwanta duk toka, mata maƙwabta uku ko huɗu suna taya ta aiki. Ta ɗago ta gan ni.

“Akawu, ka ga farantinka? Shi ya fi ba ni wahala duk cikin kayan nan. Toka ta ƙi cin sa, sai da na haɗa da soson ƙarfe.”

Na ce, “Yaya, wa ya ce a taɓa shi?”

“Sai an ce? Abu ya yi tsatsa gaba da baya, ka lulluɓe shi da ƙyalle kamar gawa. Jibi gidan nan zai cika da baƙi, wani ya leƙa shagonka ya ce ba mata a gidan.”

“Na ɗora takarda a kai.”

“Na gan ta. Na ɗage maka ita gefe don kada ta jiƙe. Ni da bokonku sai kallo, ka sani.”

Na yi ƙoƙarin riƙe muryata, domin ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, kuma ba zan fara a gaban maƙwabta ba. Na ce mata abin da ta kira tsatsa ba tsatsa ba ce, rubutu ne, kuma shi kaɗai ne irinsa da ya rage mini.

Ta ɗauko faifan da hannunta mai toka, ta juya shi a rana. “Rubutu? Na duba shi sarai kafin in fara. Ko ɗigo ban gani ba, balle wasali.”

“Ba a ganinsa da ido.”

“To ai da ka faɗa mini rubutu ne, da na tara maka ruwan wankin ka shanye. Ga shi na zubar a kwata.”

Matan suka yi dariya, ɗaya har tana riƙe ciki. Wata daga cikinsu, tsohuwa sa'ar Yaya, ta dube ni ta ce, “Malam, ko sannu ba za ka yi mata ba? Tun hantsi take fama da shi, har yatsanta ya fashe.”

Na dubi yatsan, ya fashe ɗin kuwa, an ɗaure shi da tsumma. Na ce, “Sannu da aiki, Yaya.” Na karɓi faifan na koma shago.

A can na sa shi ƙarƙashin fitila na duba da gilashin ƙara girma, ko da wani yanki ya tsira. Yaya ba ta aikin rabi. Har gefen ramin tsakiya ta bi. Abin da ɓeraye da zanzaro da ruwan sama suka bari, abin da guduma ta kusa fasawa na tsamo shi, ya tafi cikin yini guda a hannun mai ƙaunata, da kyakkyawar niyya, kuma babu wanda zan kai ƙara wurinsa.

Na dai gwada. Ranar suna na faɗa wa wani ɗan uwanmu da ake jin maganarsa a dangi, ina fatan aƙalla a amince cewa an yi mini ɓarna. Ya saurara yana taunar goro, ya tambaye ni ko injin ya ƙone. Na ce a'a. Ya tambaya ko farantin ya fashe. Na ce a'a. Ya ce, “To, Alhaji, kayanka suna nan cif, har ma sun fi da kyau. Ka bar maganar nan kada ta ji ta ɓata rai, ka san shekarunta.” Kafin a watse labarin ya zaga zaure, kowa da yadda yake ba da shi, kuma a duk cikinsu ni ne abin dariya.

Na aika wa masu tara injunan nan hoton faifan. Ɗaya ya tambaya wane irin inji na yi amfani da shi na samu wannan sheƙi. Wani ya yi tayin aiko mini da ɗan allo na zamani da ke kwaikwayon faifai, a liƙa shi a baya, injin ya ɗauka na gaske ne. Na gode masa, na ƙi. Ban ɗauko wannan injin daga ƙarƙashin akuya don in yaudare shi ba. Abin da nake so in gani shi ne abin da aka rubuta a kan wancan faifan, da hannun mutanen da suka yi aiki da shi, kuma wannan babu allon da zai dawo da shi.

Injin yana nan a shago, lafiyarsa ƙalau. Duk gwajin da na yi masa yana ci. Idan an kawo wuta mai ƙarfi nakan kunna shi, in shigar masa da ɗan gajeren umarni ta maɓallai, lamba bayan lamba, ya yi ta ƙirga daga ɗaya zuwa sama, fitilun suna bin juna. Iyakar abin da ya iya ke nan. Akwatin faifan kuwa yana gefe, fitilarsa mai nuna ya shirya aiki ba ta taɓa kamawa ba.

Kwanakin baya ina cikin wannan aiki Yaya ta leƙo, ta ga faifan a jingine a kan kantar shagon inda na ajiye shi. Ta shafa shi da bakin mayafinta.

“Har yanzu bai yi maka aikin ba?”

Na ce bai yi ba.

Ta ƙara duba shi a hasken ƙofa, ta ce, “Akwai ɗan sauran duhu a nan gefen. Idan na samu lemon tsami mai kyau zan ƙara masa hannu.”